Sauya ƙafar Toyota 86 a gida: yadda ake sa koyiloba ba tare da an ɓata motar ba

Wanda ya mallaki Toyota 86, ko 'yan'uwanta Subaru BRZ da Scion FR-S, ba ya daɗewa sai ya fara kallon tazarar da ke tsakanin taya da bakin fenda yana ganin ta yi yawa. Daga nan maganar koyiloba ke tasowa, wato shoka da sifirin a haɗe, jikin shokar da zare, ta yadda mai mota zai ɗaga ta ko ya sauke ta gwargwadon yadda yake so. Kwancewa da ɗaurawa ba su fi ƙarfin mutum ɗaya mai kayan aiki ba, notunan duka ba su kai talatin ba, kuma wuni ɗaya ya isa ko ga wanda bai taɓa yi ba. Inda ake faɗuwa shi ne awo. Akasarin motocin da suka fi muni bayan an sa musu koyiloba, babu notin da aka manta a jikinsu. An sauke su ne fiye da kima, an ɗaure bushin, wato robar da ke mahaɗin hannayen ƙafa, alhali taya na lilo a sama, aka kuma ɗage zuwa alaimen har tayoyi suka cinye.

Bayanin nan na zubin farko ne, wanda aka fara sayarwa a 2012 da injin lita 2, kafin GR86 mai lita 2.4 ta gaje shi a 2021. Mota ɗaya ce da sunaye uku, duka a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa su. A Amurka sunanta Scion FR-S har zuwa 2016 da Toyota ta rufe Scion, shi ya sa tokunbo da yawa ke isowa da wannan suna. Kada tambarin Toyota ya ruɗe ka, ƙafar motar ta Subaru ce. Notin tayarta ma zarensa M12×1.25 ne, alhali na Corolla da Camry M12×1.5 ne. Idan noti ɗaya ya ɓata aka je kasuwa aka ce a ba da "na Toyota", zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, mai ƙarfin hannu ya ƙarasa shi da sifana, ya cinye zaren sandar.

Abin da kamfani ya riga ya lissafa

Ba a banza aka bar motar a tsayin da take ba. Injiniyoyin da Tetsuya Tada ya jagoranta sun sa injin kwance don cibiyar nauyin motar ta sauka zuwa kusan milimita 460 daga ƙasa, nauyin ya rabu kashi 53 gaba, 47 baya, sannan suka sa mata taya 215/45R17 marar riƙo sosai da gangan. Tazarar cikinta da ƙasa wajen milimita 130 ce. Mota ce da tun asali take ƙasa, don haka abin da ya rage a sauke kaɗan ne.

Gabanta tsarin MacPherson ne: shokar kanta ita ce ginshiƙin da ke riƙe da kan taya, sai hannu ɗaya a ƙasa. Wannan tsari yana da halin da ya kamata a fahimta kafin a taɓa zobe ko ɗaya. Muddin hannun ƙasa yana kwance daidai, ko bakinsa na wajen taya ya ɗan yi ƙasa da na wajen jikin mota, to idan motar ta kwanta a kwana tayar waje tana riƙe da titi yadda ya dace. Da zarar an sauke mota har bakin hannun na wajen taya ya haura na ciki, wurin da jikin motar ke jirkicewa a kansa yana sauka da sauri fiye da yadda cibiyar nauyi ke sauka. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce ke ba nauyi ƙarfin kwantar da mota, sai ta ƙaru maimakon ta ragu. Ga tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, shi ma ya karkace, duk lokacin da taya ta hau tudu sai ta ɗan juya da kanta, sitiyari ya riƙa fizga a hannu. Shi ya sa masu aikin suka tsaya a kan milimita 20 zuwa 30. Wanda ya wuce 35 sai ya sayi ƙarin kayan gyara kusurwar bol-join da tayarod, in ba haka ba ya biya kuɗi ya rage wa motarsa kyau a tuƙi.

Akwai kuma titi. Idan ka cire 25 daga 130, saura 105. A Japan doka ba ta yarda mota ta yi ƙasa da milimita 90 ba, a Jamus kuwa canjin ƙafa irin wannan sai da takardar amincewa, sau da yawa har sai masu binciken motoci na TÜV sun duba sun sa hannu. Waɗannan ƙasashe ne masu shimfiɗaɗɗen titi. Wanda zai bi unguwar da kowane layi mutanensa sun zuba tudun rage gudu da siminti yadda suka ga dama, milimita 20 ta ishe shi, kuma ko 15 ba abin kunya ba ne.

Wace iri za a saya

Koyiloba iri biyu ce ta fuskar daidaita tsayi, kuma yadda ake saita su ya bambanta ƙwarai. Iri na farko, kamar na KW da Bilstein na Jamus, zoben da sifirin ke zaune a kai shi ne ke ɗaga mota ko sauke ta. Kamfani yana rubuta iyakar sama da ta ƙasa a takarda, ba a fita daga ciki. Iri na biyu, kamar Tein Flex Z ta Japan da BC Racing BR ta Taiwan, gindin shokar daban yake, ana murɗa shi a kan jikin shoka, ya tsawaita ta ko ya gajarta ta ba tare da an taɓa sifirin ba. Zobba uku za ka gani: biyu a ƙarƙashin sifirin, ɗaya a kan gindi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki iri na biyu a sauke mota ta hanyar sassauta zoben sifirin. Motar za ta sauka, amma sifirin zai rage a sake, duk lokacin da taya ta faɗa rami ya bar mazauninsa ya dawo da ƙara, sandar shoka kuma ta rasa wani ɓangare na tafiyarta.

Taurin sifirin ana rubuta shi da kilo a kan milimita. Na kamfani yana tsakanin kilo 2 da 4, na baya ya fi na gaba tauri. Koyiloba ta titi galibi kilo 5 zuwa 6 ce, ta filin tsere 8 zuwa sama. Lamba ɗaya a gaba da baya ba ta nufin tauri ɗaya. A gaba shoka tana daf da taya, kusan duk abin da taya ta motsa ita ma ta motsa. A baya kuwa tana zaune ne a kan hannun ƙasa, ta ɗan shigo ciki, tana motsa kusan kashi uku cikin huɗu na motsin taya. Taurin da taya ke ji ana samunsa ne idan aka ninka taurin sifirin da wannan kaso, aka sake ninkawa da shi, saboda haka sifirin mai kilo 6 a baya taya tana jinsa kamar 3.4. Wannan lissafi zai sake amfani wajen saita tsayi. Ga motar da za ta sha ramuka, kilo 8 azaba ce kawai: taya tana tsalle ta bar ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta birki ba ta kwana.

Tambaya ɗaya kafin biyan kuɗi: kayan sun zo da hularsu ta sama, wadda ke ɗaure kan shoka a jikin mota, ko sai an ciro ta tsohuwar shoka? Idan sun zo da ita, tsohuwar shoka za ta fita a dunƙule, babu ruwanka da sifirinta. Idan ba su zo da ita ba, dole sai da na'urar matse sifirin, kuma a nan aikin yana iya raunata mutum da gaske. Notin tsakiya na saman tsohuwar shoka yana riƙe da sifirin da ke danne da nauyi mai yawa. Wanda ya kwance shi ba tare da ya matse sifirin ba, hular za ta tashi da ƙarfin da zai karya muƙamuƙi. Idan babu na'urar kirki, a kai shokokin gareji a buɗe su a can.

Su kuwa marasa suna da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin taya biyu, arha ba ta ado. Zaren da zobban suna iya yin kyau a ido, amma bawul ɗin da ke cikin shokar shi ne kayan, kuma ba a ganinsa sai an hau titi.

Kafin a ɗaga mota

Kayan aiki: jak mai taya, ƙafafun tokare na ƙarfe guda huɗu, soket da sifana lamba 10, 12, 14, 17 da 19, makullin alan lamba 5 da 6, doguwar sandar ƙarin ƙarfi, sifanar tok mai auna ƙarfin ɗauri da ke kai Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), tef ɗin awo, man sassauta tsatsa, man hana zare cijewa, da alƙalamin fenti. Sifanar tok ba ta cikin abin da ake cewa "in an samu". Notunan saman shokar gaba Nm 23 kacal suke so, hannun da ya saba da notin taya zai tsinke su cikin daƙiƙa. Wuri kuma ya zama daɓen siminti mai daidai. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma tokare ta da bulo, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

Motar da ta fito daga jihohin arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙafarta na iya zama da tsatsa ko da jikinta na sheƙi. A fesa wa kowane noti mai tun daren jiya.

Sai awon farko, wanda mutane ke tsallakewa don ɗoki. Iskar taya ta zama daidai, psi 35 a duka huɗun. Tanki, wanda ke cin lita 50, ya zama rabi, but kuma babu kaya. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a tsaye, kowace kusurwa, a rubuta. Ba a aunawa daga ƙasa, don iskar taya da cinyewarta suna shiga lissafin. A manna ɗan tef a fenda a daidai inda aka auna, domin gobe a koma wuri ɗaya. Kada ka yi mamaki idan hagu da dama sun bambanta da milimita 3 ko 4 tun kafin ka taɓa komai.

Sababbin shokokin a shimfiɗa su a kan kwali a gwada su biyu-biyu. Tsawon ta hagu da ta dama ya zama ɗaya, daga hula zuwa ramin bolti. A iri na biyu a saita matsin farko na sifirin tun a nan: a murɗa zobe da hannu har sifirin ya daina motsi, a kawo zoben kulle ya taɓa shi, sannan a ƙara matse na saman gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, galibi milimita 3 zuwa 5, a kulle. Daga nan ba a sake taɓa waɗannan biyun. A shafa man hana cijewa a zaren tun yana da tsabta. A duba alamar hagu da dama, domin kunnuwan da ke riƙe tiyon birki da linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa shoka da sandar sitabilaiza mai rage kwanciyar mota a kwana) ba wuri ɗaya suke ba.

Gaba

A sassauta notunan taya mota na ƙasa. Sau da yawa jak ba ya shiga ƙarƙashin hancin motar sai an hau da tayoyin gaba kan katako. A ɗaga ta tsakiyar ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin, a sa ƙafafun tokare a wuraren da aka yi wa alama a gefen jiki. Tayoyin gaba biyu su tashi tare. Idan ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, sandar sitabilaiza tana murɗe, linkej ba zai fita ba sai da duka, kuma ba zai koma ba.

A fara da ƙananan abubuwa: boltin lamba 12 da ke riƙe tiyon birki a jikin shoka, da maƙalan wayar ABS. Wayar nan siririya ce, idan ta tsinke fitilun ABS da na hana zamewa za su kunnu tare. Sai notin linkej, lamba 17. Idan sandar tana juyawa tare da notin, akwai ramin alan a bakinta, a riƙe ta da shi. A goge ramin da kyau kafin a sa makullin, in ya cika da ƙasa makullin ba zai zauna ba, ya cinye ramin, daga nan sai zarto.

Manyan bolti biyu masu lamba 19 su ne ke haɗa shoka da ƙarfen da ke ɗauke da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai. Kafin a zare su a tokare hannun ƙasa da jak, ko a ɗaure hob ɗin da igiya a jikin mota, domin da zarar sun fita zai faɗo waje da nauyin faifan birki, kuma tiyon birki ne zai tare shi. A lura da boltin biyu: na sama ya fi kauri, wuyansa milimita 16, na ƙasa 14. Kada a musanya su cikin rashin sani. Masu son ƙarin kamba, wato karkatar kan taya zuwa cikin mota, suna sa mai 14 a ramin sama da gangan, su tura kan tayar ciki kafin su ɗaure, wannan yana ba da kusan digiri ɗaya.

A ƙarshe notuna uku masu lamba 12 a ƙarƙashin bonet. A bar ɗaya a maƙale har sai hannu ɗaya ya riƙe shokar daga ƙasa. Na tsakiya ba a taɓa shi.

Sabuwar tana shiga ta hanyar da tsohuwar ta fita: notunan sama da hannu tukuna, sannan manyan bolti, sannan linkej. Idan hular mai farantin kamba ce, ramukan zamiyarta su kalli injin da fenda, ba gaba da baya ba. Idan ramin sama na gindin shokar dogo ne, a tura hob ɗin wuri ɗaya a ɓangarorin biyu, ko duka ciki ko duka waje, don motar ta iya kai kanta wurin alaimen a miƙe. Ƙarfin ɗauri: manyan bolti Nm 155, notunan sama 23, linkej 46. Littafin kamfani yana ɗaukar notuna masu kulle kansu a matsayin na amfani sau ɗaya, kuma a kan manyan boltin nan biyu bai kamata a yi rowar sababbi ba. Kafin a mayar da taya a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ana kallon tiyon birki da wayar ABS: kada su ja, kada su goga da sifirin.

Abu ɗaya game da injin ɗaure noti mai bugu: kada ya kusanci notin sandar shoka. Yana juya sandar da gudu a cikin robar da ke tare mai, yana kuma iya sassauta fistan ɗin da ke ciki. Shoka sabuwa fil ta fara yoyo a mako na biyu, yawanci nan ne asalin.

Baya

Baya ya fi sauƙi a ƙa'ida, ya fi cin rai a aikace. Notunan sama biyu masu lamba 14 suna cikin but, bayan shimfiɗar gefe, sai an cire maƙalan roba. Ana ɗaga motar ta difarenshal. A ƙasa a cire linkej daga hannun ƙasa, a cire boltin shoka mai lamba 17, sannan boltin da ya haɗa hannun da ƙarfen hob, shi ma 17. Hannun zai sauka, shokar ta fito. Wasu suna ƙoƙarin fitar da ita ba tare da sun cire boltin waje ba, suna taka hannun da ƙafa. Ana iya yi, amma cire boltin minti biyu ne.

Kusa da nan akwai wani bolti mai faifai da zane-zanen awo a kansa, a kan ɗan hannun da ke saita fuskar taya. Ba ya cikin aikin, a bar shi. Motocin da ke da fitilar da ke daidaita kanta suna da ɗan sanda siriri da ya haɗa hannun baya da na'urar auna tsayi. A kwance shi kafin hannun ya sauka, in ba haka ba ya karye. Bayan an sauke mota na'urar za ta ɗauka an loda kaya a but, ta sunkuyar da fitilu, sai an sake saita haskensu.

Wajen mayarwa, jak a ƙarƙashin hannu shi ke daidaita ramuka. A zura sukudireba ta ɗaya gefen a jawo ramin, bolti ya shiga da hannu. Boltin da aka kora da guduma zarensa ya tafi. Notunan sama Nm 30, linkej 38, boltin shoka da na waje 80 kowanne. Amma waɗannan na 80 ɗin kada a ƙarasa su yanzu.

Dalilin yana cikin bushin. Robar bushin manne take da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta, ba ta juyawa a kan bolti. Idan an ɗaure, bututun ya kafe, duk motsin hannu robar ce ke murɗewa, kamar yadda ake matse wanki. An yi ta ne ta zauna a sake lokacin da mota ke tsaye a kan tayoyinta, ta murɗa kaɗan sama, kaɗan ƙasa. Idan aka ɗaure taya na lilo, da an sauke mota robar ta riga ta murɗe tun ba a motsa ba, kowane tudu kuma ya ƙara mata. Sakamakon biyu ne: motar ta ƙi sauka zuwa tsayin da aka saita, bushin kuma ya yage cikin watanni. Gyaran shi ne a sa jak a ƙarƙashin hannun a ɗaga har tazarar tsakiyar hob da fenda ta kai tsayin da ake nufi, ko har motar ta fara ɗagowa daga kan abin tokare, sannan a ɗaure. Wanda ya fi kyau, a sauke tayoyin kan katakai masu kauri a shiga a ɗaure. Tunda tsayin motar ya canza, boltin cikin hannun ƙasa da ba a cire ba shi ma yana son a sassauta shi a sake ɗaurewa a sabon tsayin. Mutane ƙalilan ne ke yin wannan, kuma shi ne bambancin aikin da ya daɗe da wanda bai daɗe ba.

Saita tsayi

A mayar da tayoyi, Nm 120, ana tsallaka noti ɗaya zuwa na gabansa. A sauke motar, a tura ta gaba da baya 'yan mitoci, domin tayar da ta sauka daga sama tana tsaye a takure, awon da aka yi a haka ƙarya ne. A zaga unguwa a hankali, a dawo daidai wurin da aka yi awon farko.

Yanzu lissafin nan na baya ya dawo. A gaba, milimita 10 a jikin shoka kusan milimita 10 ce a taya. A baya, milimita 10 a shoka tana ba da wajen 13. Wanda ya murɗa gaba da baya adadin zagaye iri ɗaya zai tarar bayan ya fi zama, hancin motar na kallon sama. A auna nawa zagaye ɗaya ke bayarwa a naka zaren, galibi milimita 1.5 ko 2 ne, a sa ɗigon fenti a zobe don ƙirga. Kullum a ɗage nauyi daga kan taya kafin a murɗa, a goge ƙasa daga zaren. A bar bambancin gaba da baya yadda kamfani ya yi shi, wato a rage adadi ɗaya daga kowane awon farko.

Kada a bi milimita ɗaya-ɗaya ana murɗa kusurwa guda. Mota ƙafa huɗu gare ta: idan ka ɗaga gaban hagu, nauyi ya ƙaru a kansa da kan bayan dama, ya ragu a sauran biyun. Ana iya samun fenda huɗu daidai a tef alhali motar tana tsaye a kan tayoyi biyu na gicciye, sai ta riƙa shiga kwanar hagu daban da ta dama. Masu tsere suna gyara wannan da sikeli huɗu, direba a zaune, har nauyin gicciye ya zama kashi 50. A gida, abin da ya fi aminci shi ne shokar hagu da ta dama su zama tsawo ɗaya, a haƙura da bambancin milimita 3 a fenda.

A iri na biyu a kula da iyakar zaren da dole ya rage a cikin gindi, takarda tana faɗa. A kuma duba tsakanin zoben sifirin gaba da gefen taya na ciki, ya zama aƙalla yatsa na shiga. Sannan linkej: kunnen da ke jikin sabuwar shokar gaba ba lallai ya zauna inda na asali yake ba, shi ya sa kaya da yawa ke zuwa da nasu linkej. Mai daidaituwa ana saita shi mota na kan tayoyinta, a tsawaita ko a gajarta har sandarsa ta shiga rami ba tare da an tilasta ba. In an gama, a ƙulle zobba da sifanarsu mai ƙugiya, a ɗan buga mata guduma sau ɗaya, a ja layin fenti ya ratsa zobban da jikin shoka. Ran da layin ya rabu, zobe ya motsa.

Maɓallin tauri da ke saman shoka ba ya canza sifirin, saurin motsinsa yake ragewa ko ya ƙara. Tein Flex Z tana da mataki 16, BC Racing BR tana da 30. Ana ƙirgawa ne daga ƙarshen tauri: a murɗa dama a hankali har ya tsaya, ba a matsa masa, don allura ce siririya a ciki, sannan a dawo baya ana jin ƙas-ƙas. A fara daga tsakiya. Idan mota tana lilo sau biyu bayan tudu, a ƙara tauri mataki biyu. Idan tana tsalle a kan ƙananan gargada, haƙora na haɗuwa, a rage. A canza gaba ko baya, ba duka a lokaci ɗaya ba, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Akwai gwaji mai arha na sanin ko an sauke ta da yawa: a ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar shoka, a tura shi ƙasa, a yi tuƙin yau da kullum. Idan an dawo an same shi ya nutse cikin robar tsayarwa ta sama, motar a kan robar take tafiya, sai a ɗaga ta.

Alaimen

Sababbin sifirin da robobi suna ɗan zama a kwanakin farko. A yi tuƙi mai sauƙi na kwana biyu ko uku, a sake awo, a gyara, a sake bin kowane noti da sifanar tok, sannan a tafi alaimen. Kada ya wuce mako. Duk wanda ya sake taɓa tsayi bayan alaimen, ya koma layi.

Mutane suna ɗora wa kamba laifin cin taya, alhali to-in da to-awut, wato fuskar taya ta kalli ciki ko waje, su ne suka fi ɓarna. Taya da ta kauce da rabin digiri ana jan ta a gicciye kusan mita 9 a kowace kilomita. Sauke mota yana canza wannan kusurwa a gaba da baya, kuma ido ba ya ganinta. Don titi, gaba ya zama kamba digiri 1 zuwa 1.5 a karkace ciki, fuskar taya a miƙe ɗoɗar. Baya ya samu ɗan to-in, milimita 1 zuwa 2 jimilla. To-awut a bayan mota mai jan baya yana sa gindinta ya nemi wuce gabanta a kwana, musamman a jiƙaƙƙen titi.

Kambar baya tana da nata zance. Daga kamfani tana ɗan wuce digiri 1, kuma babu abin saita ta. Idan aka sauke milimita 25 tana kusantar digiri 2, sau da yawa hagu da dama ba daidai ba. Har zuwa 2 ana zama da ita. Abin da ya wuce haka, ko bambanci mai yawa tsakanin ɓangarorin, sai an sayi hannun ƙasa mai daidaituwa. A nemi wurin da ke da injin alaimen na tayoyi huɗu, a ba su lambobin da ake so a rubuce, domin kwamfutarsu lambobin motar da ba a sauke ba ta sani. A karɓi takardar sakamako. Sitiyari kuma ya fito a miƙe: na'urar hana zamewa tana karanta kusurwarsa, idan ya karkace tana iya kama birki a kwanar da babu abin da ya faru.

Ƙarar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce cikin huɗu. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka, linkej ne bai ɗauru ba ko zoben gindi ya saki. Ƙara mai kama da tsinkewar waya idan an juya sitiyari a tsaye, sifirin gaba ne ke maƙalewa yana sakin kansa, a duba beyarin hula da faifan da ke ƙarƙashin sifirin. Bugu mai nauyi idan taya ta faɗa rami, sifirin ya yi sake. Ƙaramar ƙara da ba ta tafiya daga sama kuwa, idan hular mai ƙwallon ƙarfe ce maimakon roba, halinta ne, ƙura kuma tana ƙara mata. Ƙurar hunturu da laka ta damina suna cika zaren su ƙame zobba, har a wayi gari ba sa juyawa ko da guduma. Duk lokacin juyen mai a cire taya, a wanke zaren da buroshi da ruwan sabulu, a busar, a shafa mai kaɗan, a duba layin fenti, a kuma shafa sandar shoka da yatsa: danshi kaɗan ba komai, amma mai da ya gangaro har kan zobe yana nufin shokar tana son a buɗe ta a sake mata robobi, kuma ana yin ta hagu da ta dama tare.